Ziyarar da Bakri Ya Tsara wa Lishbona

Shekara ashirin da bakwai Bakri yana tuƙa motar ziyara a Madina, bai taɓa sauya tsarinsa ba. Da an idar da sallar asuba zai kwashi baƙi a ƙofar masauki, ya kai su Uhudu su yi wa shahidai sallama, daga nan Masallacin Ƙiblataini, sai Ƙuba, sai gonar dabino inda ake ba shi shayi kyauta saboda ya kawo masu saye. A goye uwarsa ta shigo da shi daga Chadi, don haka fasfonsa na Chadi ne, amma in ka tambaye shi hanyar garin Abeshe na can sai dai ya sosa ƙeya. Unguwarsu ta Harra ta Yamma a Madina ya sani, da ɗaki biyun da suke haya shi da matarsa Fatna. Tsarin nasa har ya yi yawa. Fatna kan ce ko atishawa zai yi sai ya duba agogo.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Radiyya. Bara ta auri Haisam, ɗan maƙwabtansu da suka tashi tare, wanda ya samu aiki a wani kamfanin kwamfuta a Lishbona, babban birnin Fotugal. Da za ta bi shi, sai da aka cire ta daga iƙamar ubanta, wato takardarsa ta izinin zama, aka ba ta bizar fita ta ƙarshe. Bakri ya san ma'anar wannan sarai. Madina ce garin haihuwarta, amma daga ranar, in ta zo, baƙuwa ce mai ƙidayayyun kwanaki. In auren nan ya mutu, babu gidan uban da za ta dawo ta zauna, sai wata ƙasa da ba ta taɓa takawa ba.

Kullum yana kiranta bayan la'asar. Shi ya yi Hausa, ita ta amsa da Larabci, kamar yadda suka saba tun tana firamare.

"Ina kika je yau?"

"Wala makan, ya Abuya." Wato babu ko'ina, Baba.

Wata huɗu amsar ke nan. Haisam ya fita da safe, ya dawo a gajiye. Ruwa ba ya ɗaukewa, tagarsu bango take kallo, kuma ba ta jin yaren mutanen. Ran nan ita ta kira da kanta, da sanyin safiya, Bakri na fakin a gindin Uhudu.

"Abuya, na gaji. Jiya mun yi faɗa, na ce ya mai da ni gida. Sai ya ce, wane gida?"

Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya fi tsorata Bakri ke nan. Ranar ya wuce Ƙiblataini bai tsaya ba, sai da wata Hajiya a kujerar baya ta tuna masa.

Fatna ta ce ya kira Haisam ya wanke shi tas. Bakri ya ƙi. Faɗa da suruki ba ya cikin abin da ya iya, kuma yana tsoron kalma ɗaya ta ƙarasa abin da ya rage. Abu ɗaya ya iya a duniya. Ya sha ganin baƙo ya shiga motarsa fuska a murtuke, yana ƙorafin zafi da abinci, amma kafin a isa gonar dabino ya fara cewa ina ma a nan zai zauna. A ganinsa, ciwon Radiyya shi ne ba a zagaya da ita garin ba.

Sati biyu yana tambayar duk baƙon da ya shiga motar daga ina yake, har Allah ya haɗa shi da wani dattijo ɗan Gini Bisau mazaunin Lishbona, mai ɗan guntun Larabci. Tsakanin Ƙuba da gonar dabino Bakri ya tatse shi. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa rawaya mai bin tsakiyar titi yana hawa tudu. Akwai tsohuwar ganuwa a saman gari, wadda Musulmi suka taɓa riƙewa. Akwai kogi mai faɗin da za ka ɗauka teku ne, da gasasshen kifi a bakin hanya, da babban masallacin Juma'a. Bakri ya rubuta duka a bayan takardar kamfani, sannan ya yi tambayar da ta fi damunsa.

"Maƙabarta fa?"

Dattijon ya ce ai jirgin nan a ƙofar wata babbar maƙabarta yake ƙare tafiyarsa, amma ta Kirista ce. Bakri ya sa ta lamba ɗaya. Shi dai bai san yadda ake fara zagaya gari ba tare da an tsaya kan waɗanda suka riga kwanciya a cikinsa ba.

Fatna ta karanta takardar ta riƙe haɓa. "Abu Radiyya, amarya da ango za ka tura kaburbura? Na Nasara kuma?"

"Ba addu'a na ce su yi ba. Su tsaya su gani."

Haisam Bakri ya aika wa takardar, ba Radiyya ba, kowane wuri da lokacinsa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: ka kai ta ranar Asabar, kada ka sauya tsari. Amsa ta zo da Larabci, "Hadir, ya Ammi," wato an gama, Baffa. Kwana uku Bakri yana juya kalmomin nan, ya kasa gane ladabi ne ko gatse.

Ranar Asabar bai iya cin abincin rana ba. Ya lissafa awa ukun da ke tsakanin garuruwan ya fi sau goma. Azahar ta wuce shiru, la'asar ta wuce shiru, kuma ya hana kansa kira. Yana zaune cikin mota a ƙofar gida, ana dab da magariba, wayar ta yi ƙara. Fuska biyu ya gani a gilashin wayar, kogi a bayansu.

"Ammi," in ji Haisam yana dariya, "wa ke fara yawon amarci da kaburbura? Tun a jirgi muke dariya har muka sauka."

Sun bi tsarin, ban da ganuwa, don ƙafar Radiyya ta gaji. Sun ci kifin. Asabar mai zuwa za su ƙarasa. Bakri ma ya yi dariya, karon farko cikin makonni.

Sai Radiyya ta karɓi wayar, ta yi magana da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin.

"Baba, na sa Haisam ya tambayi mai gadin wurin ko mu ma muna da namu. Ya ce akwai ɓangaren Musulmi a wata maƙabarta can arewacin gari. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta."

"Madalla," in ji Bakri.

Abin da ya roƙa ke nan, kuma ya samu. Amma bayan ya kashe wayar ya daɗe bai fita daga motar ba. Duk rayuwarsa bai taɓa kawowa a ransa cewa 'yarsa za ta kwanta a wani wuri ba Baƙi'a, maƙabartar Madina, ba, inda kakarta take.

Fatna ta leƙo daga ƙofa ta tambaye shi ko sun shirya.

"Sun shirya," ya ce. "Ta zauna ke nan."