Anti Waya da Numfashin da Malam Ya Bari a Kwamfuta

Ƙarfe bakwai na safe Anti Waya take buɗe ƙofar situdiyo, tun masu shagunan layin ba su fito ba. Takan cire takalmi, ta goge makirufo da tsumma, ta durƙusa ƙarƙashin tebur tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Daga nan sunan ya samo asali. Sai ta kunna kwamfuta, ta jona manhajar ɗaukar murya da ta kiɗa, ba ta tashi sai ta ga suna tafiya tare. Shekara ashirin da uku tana wannan. Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, kuma abin da ya ɗaure mana kai shi ne, rabin mawaƙan da suka bi ta hannunta sun ɗauka mai shara ce.

Wani mawaƙi ya taɓa shigowa ya ce, "Baiwar Allah, samo mini ruwa kafin injiniya ya zo." Ta kawo masa. Sannan ta zauna a kujerar injiniya, ta sa abin ji a kunne, ta ce, "To ranka ya daɗe, daga baiti na nawa za mu fara?" Saura kaɗan ruwan ya shaƙe shi.

Da takardar karatun lantarki ta shigo gidan, amma sai da ta yi shekara huɗu tana naɗe waya kafin a bar ta ta taɓa na'ura. Yayunta sukan tsokane ta cewa karatunta ya ƙare a ƙarƙashin tebur. Takan ce musu, "Ai na saman teburin da ni yake taƙama." Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma roƙi kowa ya yarda da ita ba.

Abin da ya faru wata Laraba ne ya sa bai kamata a bar ta ta tafi shiru ba.

Akwai wata dattijuwar mawaƙiya da kowa ke kira Mama. Shekara talatin mijinta, Malam, yana buga mata piyano, har ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ya bar waƙa guda da suka tsara tare ba su ɗauka ba, a cikin wata tsohuwar manhaja da shi kaɗai ke amfani da ita. Ba sauti ya bari ba, MIDI ne, wato rubutun yatsunsa: abin da ya danna, da ƙarfin da ya danna, da tsawon da ya riƙe. Sai likitoci suka ga ƙari a maƙogwaron Mama. Suka sa aiki ranar Alhamis, suka kuma faɗa mata gaskiya cewa da wuya ta sake waƙa. Laraba kaɗai ta rage mata.

Furodusan situdiyon matashi ne mai ƙwazo. Ya kwaso kiɗan Malam zuwa sabuwar manhaja, ya jera kowane bugu a kan layi, ras, kamar sojoji a fareti. Mama ta shiga ɗakin gilashi na ɗaukar murya da hantsi, 'yarta na zaune a waje riƙe da jakarta. Ta fara rerawa, tsakiyar baiti na biyu numfashi ya yanke. Aka sake, ya yanke. Sau bakwai.

"Mama, kina makara fa," in ji Furodusa. "Kiɗan yana wuce ki."

'Yar ta miƙe. "Don Allah a bar ta haka, za ku ƙarasa mata wuyan."

Mama ta zauna a kan kujera, ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ashe muryar ta riga likita tafiya," ta ce.

Anti Waya ta matso kusa da kwamfuta. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, duk sau bakwai ɗin a wuri ɗaya Mama ke faɗuwa. Mai gajiya ba ya zaɓen wurin faɗuwa. Ta buɗe tsohuwar manhajar, ta duba layin da ke nuna saurin kiɗa, sai ta ga yana hawa yana sauka.

"Wa ya taɓa kiɗan nan?"

"Gyara shi na yi, Anti. Marigayi yana ja da baya a wurare. Tsufa ne ya kama hannunsa."

"Tsufa ko? Matsa mini."

Sassaucin da Malam ke yi yana zaune ne a tsohuwar manhajar, bai biyo kwafin ba. Mafita ɗaya ce: a jona manhajojin biyu, tsohuwar ta aiko da sautin piyano da lokacinta, sabuwar ta ɗauki murya tana bin ta a baya. Furodusa ya ce, "Wannan tsohuwar ce za ta ja gaba? Anti, ko a gidan tarihi sai an yi mata alfarma." Gwajin farko, sautin ya zagayo ya koma cikin kansa, lasifiku suka saki wata ƙara da ta sa 'yar Mama ta yar da jaka. Na biyu, kowace manhaja ta kama gabanta. Agogo na tafiya, Mama na kurɓar ruwan ɗumi tana dafe wuya. Anti Waya ta share gumi da gefen mayafi, ta rufe komai, ta sake buɗe su bi da bi. Minti arba'in, sannan ta ɗago. "Mama, bismillah. Kada ki bi kowa, yi yadda kika saba."

Piyano ya fara. 'Yar ta toshe baki da hannu biyu, don ta gane hannun mahaifinta. Aka iso tsakiyar baiti na biyu, inda ake faɗuwa. Sai kiɗan ya ɗan lafa, kaɗan, kamar mai tafiya ya waiwayo. Mama ta ja numfashi, ta wuce. Ta kai ƙarshen waƙar ba tsayawa. Ta cire abin jin a hankali, ta dubi lasifika, ta ce, "Ya jira ni."

Furodusa ya ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Wurin numfashinta na goge?" Ya bi layin yana ƙirgawa. Wuri goma sha ɗaya Malam ya sassauta, kowanne daidai inda matarsa ke shaƙar iska. 

Ke ce, Anti, kika ƙi yarda a ce mace ta gaza tun ba a duba na'ura ba. Ke ce mai kunnen da ya ji abin da masu ido suka kira kuskure. Kin haƙura da raini shekara da shekaru ba tare da kin sunkuyar da kai ba, kuma mu 'yan mata da muka yi karatu muna ganin inda kika taka. Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Masu zama a gaban na'ura, maza da mata, ku koya daga gare ta: kafin ku miƙe abin da kuka ga ya karkace, ku tambayi dalilin karkacewarsa.

An yi wa Mama aiki, ta tashi lafiya, amma muryar ba ta dawo ba. Ranar sallamar Anti Waya, Mama ta zo da 'yarta. Aka sa waƙar. Da ta ƙare, Mama ta riƙo hannun Anti, ta jawo ta kusa don a raɗa kawai take iya magana yanzu.

"Jikokina za su san na yi waƙa," ta ce.