Layi Uku a Cikin Rigar Auta

Shekara goma sha tara ke nan Mai Keke tana ɗinki a ɗan shagonta na ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da robobi. Mace ce mai baki, ba ta iya auna mutum shiru. Da ta zagaya tef a ƙugun mace, duk shagon sai ya ji lamba, har da ƙarin bayani: "Talatin da takwas. Hajiya, ashe ana jin daɗi a gida." A kwashe da dariya, ta rubuta da alli a bayan yadi. In kuwa rigar yarinya ce, sai ta bar faɗin yatsa biyu na yadi a cikin ɗinki, wai yara girma suke yi, ba raguwa ba.

Autarta, 'yar shekara sha biyar, ita ta buɗe wa shagon shafi a waya. Uwar ta ce to, ga 'yar talla a gida, me zai sa a nemo wata? Duk sabon ɗinki Auta ke sawa, a ɗauke ta hoto a jikin labule, a ɗora. Aiki ya yi ta shigowa kuwa. Abin da ake rubutawa a ƙasan hotunan, Mai Keke ko kallo bai ishe ta ba.

Wata rana Auta ta kawo koriyar rigarta. "Umma, ki ɗan rage min ita." Aikin minti biyar. Bayan wata guda ta sake kawowa, sannan ta kuma. Uwar tana ta ragewa tana hira da masu jira. Ta dai ga kwanon yarinyar yana dawowa a rufe, ta ji "na ci a makaranta" har ta gaji, ta ga yadda take dafa bango in ta miƙe. Duk ta ɗauka iyayi ne irin na 'yan mata.

Ran Asabar da hantsi rigar ta dawo karo na huɗu. Mai Keke ta juya ta baibai, za ta sa alli, sai hannunta ya tsaya. Layin ɗinki uku ne a jere, kowanne ya fi na baya shigewa ciki, kuma duk aikinta ne. Ta janyo tef daga wuyanta.

Auta ta ja da baya. "Don Allah, Umma, kar ki faɗa da ƙarfi."

"Yaushe kika fara jin kunyar awona?"

Yarinyar ta miƙa mata waya. Wani ɗan bidiyo ne da suka ɗora wata biyar baya: ga Auta hannuwa a sama, ga muryar uwar raɗau tana cewa, "Talatin da biyu. Auta, kin kusa kamo ni." A ƙasa mutane sun yi ta maimaita lambar da fuskokin dariya. Wata ta rubuta a ƙaro yadi. Wani ya ce a ɓoye mata tukunya. Har a aji, in ji Auta, Talatin-da-biyu ake kiranta yanzu.

Mai Keke da ta saba zagin mutanen waya da rashin tarbiyya, ashe ita ta ba su abin faɗa.

"Zo," ta ce a hankali. "Ba wanda zai ji."

Ta zagaya tef ɗin. Ƙashin haƙarƙari ta fara taɓawa ta cikin riga. Ashirin da huɗu. Ta danne lambar da babban yatsa.

"Nawa?" in ji Auta. Idonta har ƙyalli yake, tana jiran a yi mata albishir. Wannan ɗokin ya fi lambar tayar wa uwar da hankali.

"Tef ɗin ya goge a nan," ta ce.

"Umma, sabo ne fa."

Mai Keke ta naɗe shi a hannu, ta kasa kallon 'yarta. Ta cusa rigar can ƙasan buhun ƙyallaye, ta laluɓo kwaɗon shago, ta ce wa matan da ke jira su dawo gobe.

"Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Auta ta ɗauko ba musu. Sai da suka kai bakin titi ta sake tambaya, murya ƙasa-ƙasa: "Amma dai ya ragu, ko?"