Butar Denmark ta kama aikin lada

Jama'a, ku zo ku taya ni dariya!

Ina leƙowa tsakar gida da azahar, sai ga Inna, surukata, a tsugune tana alwala da butar shayina ta tangaran. Jiya-jiyan nan na tsinto ta wajen mai gwanjo a kasuwar Gwarzo, fara sol da shuɗin fure, an buga Denmark a gindinta. Har rawa na taka!

Na ce, "Inna, a hankali! Ta shayi ce fa, daga Turai."

Sai da ta wanke ƙafa tsaf, sannan ta ce, "Wane shayi, 'yar nan? Yaushe rabonmu da sukari? Bar ta ta samu lada."

Yanzu butata ta fi ni kiyaye lokacin salla. A cikinku wa ke da bakin karɓo min ita?