Nihal da Ƙwallon Dabino

Tun tana yarinya a Aswan, Nihal ba ta barin abu sai ta ga cikinsa. Da ta girma ta shiga ɗakin bincike, sai ta koma ƙona ƙwallon dabino tana fitar da ƙwayoyin gawayi waɗanda ido ba ya gani. Burinta ta gan su ɗaiɗai a babbar na'urar hangen ƙananan abubuwa.

Sai dai a gidansu ba a zuba wa kowa kaɗan. Ta ɗiga ruwan ƙwayoyin da kaurinsa a kan 'yar ragar tagulla da ake sakawa a na'urar, ya bushe, komai ya cure ya zama baƙin tabo.

Baffa Ramzi mai kula da na'urar ya tuntsire da dariya. "Ɗiyata, baƙo kike zuba wa miya? Ƙara masa ruwa!"

Ta yi ta ƙarawa tana ƙunƙuni, har ya koma kamar ruwan sha. Ranar ta ga ƙwayoyin a warwatse, ta zauna tana ta kallon su.

Da yamma ta haɗa shayi a gida, shi ma ta cika masa ruwa. Mahaifiyarta ta kurɓa, ta ture kofin.

"Ke, wa ya koya miki rowa?"