Hular da Na Cire wa Yayana

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka sa Yaya Hamisu a makwancinsa, a wata maƙabarta da ke gabashin Landan, ana ta yayyafi, mu tara ne a bakin kabarin har da liman. Duk shekara idan watan ya kewayo nakan yi masa sadaka, in yi addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Makonni uku ke nan da na sauko daga jirgin ruwan shaƙatawa, kuma abin da na gani a zauren cin abincinsa ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa.

'Yata Zainab ce ta matsa mini lamba, wai in huta da asibiti ko na sati ɗaya ne. Da na ce mata na taɓa shiga irin jirgin nan kuma ba na marmari, sai ta ce, "Baba, na riga na yi booking, you can't say no." A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta da Turanci take zuwa. Na bi ta don kada in karya mata gwiwa.

Daren farko na gyara tsaf na sauko, sai na tarar da ƙattin maza masu furfura sun jeru a layi da gajeren wando da silifas, rana ta gasa su sun yi jajur kamar tattasai. Wani ya turo tumbi gaba cikin riga mai hoton kifi. Wani kuma, wanda a haife ya haifi Zainab, ya kifa hular hana-salla ya juya bakinta baya, yana tsame ƙafar kaza da hannu yana lasar yatsu. Takardar da aka turo mana ta ƙarƙashin ƙofa ta ce dare ɗaya ne kawai za a yi shigar girma a duk tafiyar, shi ma wanda bai ga dama ba ya hau sama ya ɗebi abinci da kansa, ba mai ce masa don me. Wannan suke kira ci gaba. Ni ban ga komai ba sai lalaci da aka sa masa suna mai daɗi.

Kada mai karatu ya zaci ina kewar tsarin dā ne. Na san tsarin dā, na bauta masa, kuma shi ne ya sa na yi abin da ya fi komai muni a rayuwata.

A farkon shekarun tamanin, jirgi irin wannan gari ne mai sarauta. Da an yi magariba, duk namijin da zai shiga babban zaure sai ya sa baƙar kwat da farar shat da ɗan naktai ɗin nan mai kama da malam-buɗe-littafi. Mata kuwa doguwar riga har ƙasa. A bakin ƙofa akwai Bature shugaban masu kawo abinci, ya ƙame, hanci a sama, yana auna mutane da ido tun daga takalmi. Masu sayar da tsoffin motoci da masu shagon nama duk sukan koma sarakuna na sati biyu, cikin kwat ɗin haya mai warin maganin asu. Ina yi musu dariya yanzu, amma a lokacin ba abin da nake so a duniya kamar a ce ni ma ɗaya daga cikinsu ne.

Yaya Hamisu ya girme ni da shekara goma sha biyar. Ya zo ƙasar nan karatu, karatun bai yiwu ba, ya ƙare a masana'antar motoci ta Dagenham yana ɗaure ƙusa daga safe zuwa yamma. Shi ya aiko aka kawo ni, ya ajiye ni a ɗakinsa na Lewisham, ya ci da ni ya sha da ni har na zama likita. Bai taɓa kira na da sunana ba. Auta yake ce mini, ko a gaban wa, har bayan na yi aure na fara tara iyali. Da na sami aiki a wani asibiti da ke Marylebone, na ce bari in yi masa abin da zai tuna, sai na ɗauke shi tafiyar jirgi daga Southampton, mu biyu.

Na gaya masa dokar shigar dare, na ce zan samo masa kwat. Ya yi dariya ya ce, "Auta, ni da kwat? Ai sai a zaci direban wani ne. In dai shigar girma suke so, ina da ita."

Kwana uku ya yi yana shiri. Ya fito da babbar rigarsa ta farar shadda mai aska takwas, wadda ba ta ganin rana sai da Salla, ya sa mata sitaci ya goge ta da hannunsa a kan teburin kicin. Sannan ya koma kan hula. Zanna ce mai ruwan toka da ɗigon shuɗi. Da yake babu masu wankin hula a Lewisham, shi yake wanke abarsa da tsohon buroshin haƙori, ya ɗora ta a kan babban gwangwanin madara ta bushe ta yi tsaye. Ya fi awa guda yana gyara mata kari. A wurinsa babbar riga ba hula rabin tsiraici ne, kuma shiga cikin manya kai a buɗe raini ne. Haka aka tarbiyyantar da mu duka biyun. Ni ne dai na koyi wani darasi daga baya, cewa Bature mai tarbiyya yakan cire hula in zai zauna a tebur, na kuma haddace shi fiye da yadda na haddace na gidanmu.

A daren shigar girma na farko, da muka idar da magariba a ɗaki, muka sauko. Wallahi ya yi kyau. Rigar na amo in ya taka, turarensa na gaba yana biye, har wasu tsoffin mata suka juyo suna kallonsa da murmushi. Ni kuwa ina gefe cikin kwat ɗin haya da ya matse ni a hammata, ina ta lissafin wa ya kalle mu, da wane ido.

Muka iso ƙofa, layi a bayanmu. Shugaban masu kawo abinci ya dubi Yaya daga ƙasa zuwa sama, idonsa ya tsaya a kan hular, ya buɗe baki ya ce, "Sir, the hat…"

Ban bari ya ƙarasa ba. Na miƙa hannu na zare hular daga kan yayana, na naɗe ta biyu na tura a aljihun kwat, na yi wa Baturen murmushi na ce ya yi haƙuri. Ni, ƙaninsa, wanda ya goya. A garinmu yaron da ya taɓa hular babba ko da wasa sai ya sha mari. Ni na yi da girmana, da digirina, a gaban baƙi, don wani mai ɗaukar faranti ya ga na waye.

Yaya ya ɗaga hannu kamar zai taɓa kansa, ya fasa, ya sauke. Ya wuce ciki. Muka zauna, aka fara kawo abinci kala bayan kala, cokula sun jeru dama da hagu. Ya ci kifinsa a natse, ya gode wa mai kawowa, ya amsa tambayoyin wata mata da ke son sanin wa ya yi masa aikin wuyan riga. Fitilu na haska sanƙonsa, ga shatin hula a goshinsa ya fito raɗau. Tun ina yaro ban taɓa ganin kansa a buɗe a cikin mutane ba. Tebur uku daga namu wani Ba'indiye ne zaune da rawaninsa, yana shan miya hankali kwance, ba wanda ya ce masa komai. Washegari na sake duba takardar dokar, na ga layin da na tsallake, wanda ya ce an yarda da kayan gargajiya. Har yau ban san abin da Baturen nan ya so ya faɗa ba. Wataƙila cewa zai yi a cire. Wataƙila tambaya zai yi ko tana cikin shigar, Yaya ya ce e, a wuce wurin. Ban ba shi dama ba, ban ba yayana dama ba.

Da muka tashi, a bakin ƙofar ɗakinmu na ciro hular, ta karye a tsakiya, duk aikin gwangwanin nan ya tashi a banza. Na miƙa masa na ce, "Yaya, ga ta."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Bar ta a wurinka, Likita."

Daga wannan dare har ya koma ga Mahaliccinsa, shekara huɗu, Likita yake ce mini. Bai yi fushi ba, bai ƙaurace mini ba. Yana zuwa gidana, yana ɗaukar Zainab a kafaɗa, yana kawo mata gyaɗa daga kasuwar Lewisham. Amma "Sannu da aiki, Likita." "Ya iyali, Likita?" Mutane na jin haka suna cewa kai, dubi yadda yake girmama ƙaninsa. Ni kaɗai na san an sallame ni ne daga wani matsayi. Sau da yawa na yi niyyar in durƙusa in nemi gafara, sai in ce bari sai Salla, bari sai an sami natsuwa. Da ciwo ya kwantar da shi na je da hular a aljihu, na zauna a bakin gado ina juya maganar a baki. Ya buɗe ido ya ce, "Likita, ka duba mini ruwan nan, kamar ya tsaya." Na tashi na duba ruwan da ake ƙara masa. Aikin da na iya ke nan, shi na yi. Bayan kwana biyu ya cika.

To me Yaya zai ce da ya ga jirgin bana? Na san ba zai yi dogon jawabi ba, tsaki ɗaya zai ja. Shi bai taɓa raina dokar shigar dare ba. Ya fi ni fahimtarta, ya fi Baturen ƙofar ma. A ganinsa, in mutane za su haɗu su ci abinci tare, kowa ya kamata ya ɗan wahala domin idon ɗan'uwansa. Yakan ce ado ba don kanka kake yi ba, don wanda zai zauna a gabanka ne. Saboda haka mai hana-sallar nan da shugaban masu kawo abincin dā duk a kwando ɗaya zai zuba su. Na dā ya ɗauka mutunci yana da ɗinki ɗaya tak, baƙi da fari. Na yanzu ya ɗauka tunda ya shigo jirgi, sauran jama'a su sha kallon gashin ƙwaurinsa. Babu wanda ya damu da na kusa da shi a cikinsu, bambancin kawai wancan yana goge takalmi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne arhar abin. Dokar da na tozarta yayana saboda ita ko shekara ashirin ba ta ƙara ba. Da masu jiragen suka ga mutane sun gaji da naktai, sai suka tattara ta suka watsar kamar ragowar abinci, ba wanda ya yi mata kuka. Ashe ba addini ba ce, ba ma al'ada ba ce mai saiwa, ado ne na kanti da ake sauyawa in kaka ta juya. Ni kuwa na ɗauki abin da iyayenmu suka riƙe tun kaka da kakanni na naɗe shi biyu na cusa a aljihu dominta.

Na tafi da hular wannan karon. Kafin mu tashi na wanke ta da buroshin haƙori, na nemo gwangwanin madara na ɗora ta. Karyewar tsakiyar ba ta fita duka ba. A daren shigar girma ɗaya tilo da ya rage musu, na sa babbar riga, na kafa hular Yaya, na sauko. Gaskiya zan faɗa, da shirin rigima na zo. Na tanadi maganata tun shekara goma sha shida, da Hausa da Turanci. So nake wani ya tare ni a ƙofa ya ce in cire, in dube shi ido cikin ido in ce ba zan cire ba, ko da za a sauke ni a tashar gaba.

Ba kowa a ƙofar. Wata budurwa ce can gefe riƙe da takardar tebura, tana tauna cingam. Ta ɗago ta ce, "Nice hat," ta nuna mana wurin zama da biro. Shi ke nan. Na zauna tsakanin wani mai rigar ƙwallo da wata mai tabarau a ka, na rasa wanda zan yi wa tsayin dakan da na makara da shi. Abin da ya kamata in yi a daren da yake da tsada, na zo yi a daren da ba ya da daraja ko ta sisi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Masana'antar da ya ba ƙarfinsa tana ta rage mutane, waɗanda suka san shi a Lewisham sun watse. Abin da ya rage nasa shi ne likitan da ya goya, da hula mai karyayyen tsakiya, da wani suna da ya tafi da shi kabari. A duk faɗin Landan yau ba mai ce mini Auta. Allah ya jiƙan Yaya Hamisu, ya sa ya huta, ya sa kuma ya yafe mini a can abin da ban iya roƙa ba a nan.

Muna cikin cin abinci hular ta zame mini har kan kunnuwa, na tura ta baya, ta sake zamowa. Zainab ta yi dariya ta ce, "Baba, it's too big for you, ta yi maka yawa."

Na ce mata na sani.