Minti Arba'in a Ƙafa

Muryarta ce ta sa na waiga a ƙofar jami'a, siririya, rabi haki rabi dariya. Sabuwar ɗaliba ce, ga alama. Silifa a ƙafa, takalman ado a hannu, zufa ta jiƙe mayafi, tana duba agogo tana waya.

"Yaya, minti arba'in! Daga ɗakina har nan, a ƙafa! Ba Baba ya ce ba zai iya haya da kuɗin mota ba, in dawo gida? To, na sauke masa motar!"

Tana saurare, tana dariya.

"Damina? Kai dai ba ka rasa baƙin labari. Aiko min lemarka!"

Sai ta zura takalman, ta goge fuska, ta shige tana taku ɗaiɗai kamar yanzu direba ya sauke ta.