Ganduroba Zai Koma Gida

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, da hantsi, ina ofis Chundung ta bugo mini waya. Ko gaisuwa babu, ta ce, "Yaya Katung, maigidana ya faɗi a wurin aiki." Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Shekararka arba'in da ɗaya a duniya, Chuwang.

Mu 'yan Arewa mazauna Hyattsville a Amurka Ganduroba muke ce maka, don aikin da ka yi ke nan a gidan yarin Jos kafin ka biyo matarka da ta samu aikin jinya a nan. Ba ka taɓa jin haushin sunan ba. Kai ne lauyanmu na kyauta. Duk wanda aka aiko wa sammaci, kai za ka saka kwat ɗinka ɗaya tilo ka raka shi kotu a Upper Marlboro, kuma ko kuɗin mai ba ka karɓa. Kai ka riƙa gargaɗin sababbin zuwa cewa idan ɗan sanda ya tsayar da mutum a ƙasar nan, ba a fitowa daga mota a rusuna a gaishe shi. Gregory, direban tasinmu, ya gwada ladabin gida, ya ga bakin bindiga. Bayan ka fito da shi daga hannun 'yan sanda ka shekara kana masa tsiya.

Akwai abin da ke damuna tun ranar Talatar nan, kuma ba zan iya yabonka in tsallake shi ba.

A 1982 ka kira ni gidanka, Chundung ta zubo mana gwate. Ka ce kana son digiri a fannin shari'ar masu laifi da gyaran fursunoni, ka koma gida ka gyara gidan yarin da ka baro. Kuɗin makaranta kuwa sai an ci bashin karatu. Chundung ba ta so ba. Ta ce ta bincika, albashin aikin bai taka kara ya karya ba, bashin kuma da dala za a biya. Ka ce, "Bari mu ji ta bakin akanta."

Akantan nan ni ne. Na gyara zama, na ce ai ba albashin Amurka za a duba ba, na gida za a duba. A lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Na ce, "Naira fa yayar dala ce. Ka koma da digirin nan a ba ka babban muƙami, shekara huɗu ka gama biya." Har dariya na yi wa Chundung, na ce ta tsaya a kan allurarta ta bar mana lissafi. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

A 1986 ka gama karatu, a shekarar kuma naira ta faɗi warwas. Albashin da na yi maka alkawari a gida bai isa ya biya abin da banki ke karɓa duk wata ba. A nan kuma, duk inda ka nemi aikin da ka karanta sai a ce sai ɗan ƙasa. Ka koma gadi, wuri biyu: da safe a ƙofar kanti, da yamma a wurin ajiye motoci. Mahaifiyarka, Mama Dorkas, ta riƙa aiko kaset daga Vom, ƙarshen kowanne tambaya ɗaya ce: "Yaushe za ka zo?" Kowace Kirsimeti amsarka ita ce, "Baɗi, in an rage bashi."

Sau ɗaya na buɗe baki zan ba ka haƙuri, muna fitowa daga coci. Ka dafa kafaɗata ka ce, "Haba Katung, kai ka karya naira?" Na bi ka da dariya don ta fi mini sauƙi. Gaskiya ka faɗa, ba ni na karya ta ba. Amma ni na yi magana kamar na san gaibu, na kuma rufe bakin wadda ta fi ni hange. Ina jin kunyar wannan ƙwarai.

Shekaranjiya Chundung ta tambaye ni yadda za ta yi da sauran bashin. Na gaya mata irin wannan bashi, idan mai shi ya rasu, an yafe. Sai ta ce, "Ashe da ma hanyar biyan ke nan. Wannan ba ka faɗa mana ba, Yaya."

Allah ya jiƙanka, Chuwang, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Chundung da 'yarku Olive, ga Mama Dorkas da dukan dangi a Vom. Ubangiji ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciya, ni kuma ya yafe mini.

Jama'armu sun haɗa gudummawa, jirgi zai tashi da kai ranar Asabar. Ni zan raka ka. Idan Mama ta tambayi abin da ya riƙe ka shekarun nan, ni zan ba ta amsa.

Katung, Hyattsville